Wai sai malamin gobe ya ɗaure tsinke da hannunsa kafin ya iya koyar da lissafi?

Ɗalibar Kwalejin Ilimi:
Assalamu alaikum malamai da iyayenmu. Ina da ƙorafi, kuma ba ni kaɗai ba ce. A darasin dabarun koyar da lissafin firamare, tun da aka shiga zangon nan ba abin da muke yi sai ɗaure tsinkaye goma-goma da roba, mu kwance, mu sake ɗaurewa. Yau kuma ninke takarda aka sa mu. Mu da muka gama sakandare muka ci lissafi, a ce a zaunar da mu muna wasan 'yan aji ɗaya? A koya mana tsara darasi da riƙe aji mana. Tarawa da ɗebewa kam mun iya.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam 'yata. Ina bayanki. Mu da alli da allo aka koya mana, da haddar jadawalin sau, kuma har gobe ko daga barci aka tashe ni aka ce 7 sau 8 zan ce 56. Na yanzu da ake lallaɓawa da kayan wasa, sai ka iske yaro a aji biyar yana ƙirga yatsu a ƙarƙashin benci.

Malamin Dabarun Koyarwa:
Baba barka da war haka, zan dawo kan batun hadda. Ɗalibata, kafin mu yi nisa, ɗebe mini 127 daga 403, ki faɗa mana yadda kika yi.

Ɗalibar Kwalejin Ilimi:
276 ne Malam. Ba za a iya ɗebe 7 daga 3 ba, sai a je aro wurin 0. Shi ma ba shi da komai, sai ya aro 1 daga 4 ya zama 10, ya ba 3 ɗaya ya koma 9, ita kuma 3 ta zama 13.

Malamin Dabarun Koyarwa:
Amsa ta yi. To ga yaro ɗan shekara takwas ya ɗaga hannu: "Malama, 1 kika aro, ya aka yi da ya zo wurin sifili ya zama 10? Kuma 1 da 3 ai 4 ne, me ya sa kika rubuta 13?" Me za ki ce masa?

Ɗalibar Kwalejin Ilimi:
Sai in ce masa haka ƙa'idar take, Malam.

Malamin Dabarun Koyarwa:
To a nan tsinkayen da kike ƙorafi a kansu suke shigowa. Shimfiɗa 403 a kan tebur: manyan damma huɗu, kowane ɗari, wato ƙananan ƙulli goma na goma-goma aka haɗe da roba ɗaya. Gurbin goma wayam. Sai tsinke uku a sake. Aka ce ki ba da tsinke bakwai, uku ne a hannunki. Ba ki da ƙullin goma da za ki kwance, dole ki cire robar babban dami ɗaya. Da kin cire, ba tsinke ɗari ne za su zube ba, ƙulli goma ne za su fito. Ga 10 ɗin da yaron yake tambaya. Ki ɗauki ƙulli ɗaya cikinsu ki kwance, saura tara, ga 9 ɗin. Tsinke goman da suka fito su haɗu da ukun nan, ga 13. Yanzu a tebur akwai dami 3, ƙulli 9, tsinke 13. Ki sa yaron ya ƙirga, 403 ne har yanzu, ko tsinke ɗaya bai ƙaru ba bai ragu ba. Abin da aka sauya shi ne ɗaurin kawai.

Wannan shi ne abin da yawancin masu shigowa kwaleji ba su taɓa gani ba. Hannunsu ya iya soke 4 ya rubuta 3, amma ba su san cewa adadin bai motsa ba. Wanda bai san haka ba, ranar da yaro ya yi kuskure ba zai gane inda ya ɓace ba, sai dai ya ja masa jan biro ya ce sake.

Malamar Aji Biyu:
Malam ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kuskuren da na fi gani shi ne 43 a ɗebe 17, yaro ya rubuta 34. Ba sakarci ba ne, dabara ce ya ƙirƙiro: ya ga 3 da 7, an taɓa gaya masa ba a ɗebe babba daga ƙarami, sai ya juya su ya ɗebe 3 daga 7. A wurinsa 43 ba adadi ɗaya ba ne, lambobi biyu ne da suke zaune kusa da juna.

Ga gwajin da nake ba duk ɗalibin da aka turo mini koyarwar gwaji ya yi wa yara a makon farko. Zuba wa yaro marafan kwalba 16, ya ƙirga, ya rubuta 16. Nuna masa 6 ɗin ka ce ya ware maka abin da take nufi, zai ware shida. Nuna masa 1 ɗin. Da yawa marfi ɗaya za su tura maka, su bar tara a gefe ba su da gida. Kuma yaran nan suna cin tarawa a takarda lafiya lau. Ɗalibin malami in ya ga wannan da idonsa, jikinsa yakan yi sanyi.

Tsohon Hedimasta:
Wannan na yarda, na sha gani. Amma ai yara kike magana. Ita 'yar tawa cewa take ita babba ce.

Malamin Lissafi na Sakandare:
Baba, bari mu gwada manyan. Ga tambaya, ba ni na ƙirƙiro ta ba: 1¾ a raba da ½. A fitar da amsa, sannan a kawo labari ɗan gajere da za a ba yaro wanda ya dace da wannan lissafin daidai.

Wata mai bincike, Liping Ma, ta wallafa sakamakon wannan tambayar a 1999, inda ta kwatanta malaman firamare 23 na Amurka da 72 na ƙasar Sin. Na Amurka ko rabinsu ba su fitar da amsar daidai ba, kuma mutum ɗaya tak ya iya kawo labarin da ya dace. Na Sin duka 72 sun fitar da amsar, 65 sun kawo labari mai kyau. Abin da ya fi ɗaure kai, na Amurkan sun fi su daɗewa a makaranta nesa ba kusa ba: su masu digiri ne, yawancin na Sin kuwa shekara 11 zuwa 12 suka yi gaba ɗaya har da makarantar horon malamai. Ke nan yawan takardu bai ba mutum zurfi a lissafin firamare.

Ɗan Koyarwar Gwaji:
Ni zan gwada. A juya ½ ya zama 2, a ninka, 7/4 sau 2, amsa 3½. Labari: akwai igiya mita ɗaya da kwata uku, yara biyu za su raba daidai, kowa nawa zai samu?

Malamin Lissafi na Sakandare:
Ƙanena, duba labarinka da amsarka. Igiyar duka ba ta kai mita biyu ba, ka raba wa mutum biyu, kowa ya tashi da mita uku da rabi? Labarinka rabawa da 2 ne, amsarsa 7/8. Irin wannan labarin ne da yawa daga malaman can suka kawo. Rabawa da rabi tambaya ce daban: rabi nawa ne a cikin 1¾? Nemo igiya ko zare, auna mita ɗaya da santimita 75, ka riƙa yanke rabin mita. Ka dawo ka ba mu labari.

Ɗan Koyarwar Gwaji:
Na yi da zare, Yaya. Na yanka guda uku, ragowar kuma na auna santimita 25, kwatan mita ke nan. To amsa 3¼ ce a zahiri. Takarda ta ce 3½, zare ya ce 3¼. Gani ya kori ji.

Tsohon Hedimasta:
Madalla! Kun ga abin da nake gudu. Yaron nan ya fitar da amsa daidai da biro, kuka tura shi wurin igiya ta ɓatar da shi.

Ɗalibar Kwalejin Ilimi:
Tsaya, ni ma na ruɗe. Kwatan mita ne fa ya rage da gaske. Daga ina rabin ya fito?

Malamar Aji Biyu:
Ƙanwata, ɗauki guntun da ya rage ki jera shi da ɗaya daga cikin ukun da aka yanka. Ina ya tsaya? A tsakiya. Tambayar ba mita nawa suka rage ba ce, yanka nawa aka samu. Ukun nan da kuka ƙirga yanka ne, ba mita ba. To ragowar ma da yanka za a auna ta, kuma rabin yanka ce. Shi ɗan'uwanmu ya ƙirga ukun da ma'auni ɗaya, ya ƙirga ragowar da wani ma'aunin, ya haɗa su a amsa guda.

Ɗan Koyarwar Gwaji:
To in haka ne, da a ce kwata-kwata nake yankewa, guda 7 zan samu ba ragowa. Wato duk lokacin da abin da ake rabawa da shi ya ƙanƙance, amsar girma take? Mu kuwa an gaya mana rabawa rage abu take yi.

Malamin Lissafi na Sakandare:
Ka kama hanya. Kuma ga dalilin juyawar da ka yi da biro: kowace mita ɗaya tana ɗauke da rabi biyu, shi ya sa ake ninkawa da 2. Maganar "rabawa ragewa take, ninkawa ƙarawa take" gaskiya ce kawai in lambar ta wuce 1. Malaman ƙananan azuzuwa ne suke dasa ta da kyakkyawar niyya, mu kuma mu sha wahalar tumɓuke ta a sakandare.

Malamin Dabarun Koyarwa:
Ina so in tsaya kan maganar Baba, don ba wasa ba ce, kuma a nan gizo yake saƙa. Zaren bai yi ƙarya ba, amma bai yi magana ba. Lissafin ba a cikin zaren yake ba, yana cikin tambayar da Malama ta yi: da me kake aunawa? Da ba ta nan, da ɗan'uwanmu ya tafi da 3¼ yana mai yaƙini fiye da da, tunda ya gani da idonsa. Deborah Ball, wadda ta koyar a firamare kafin ta koma bincike, ta yi wannan gargaɗin tun 1992, cewa mutane suna ɗora wa kayan taɓawa, irin su tsinke da zare, fata kamar na sihiri, alhali fahimta ba ta ratsa yatsu ta hau kai da kanta.

Bincike ma bai ba mu damar cika baki ba. A 2013 an tattara nazarce-nazarce 55 da suka kwatanta koyarwa da kayan taɓawa da koyarwa da alamomi zalla. Kayan sun yi rinjaye, amma rinjaye ƙarami zuwa matsakaici, kuma yana hawa yana sauka gwargwadon yadda aka yi amfani da su da irin jagorar da yara suka samu. Akwai kuma wani gwaji na 2009 a Amurka inda aka ba yara kuɗin wasa masu kama da na gaske don su warware tambayoyi, sai suka fi waɗanda ba a ba su irinsu ba yawan kuskure, ko da yake kurakuran nasu ba su cika zama na rashin gane tambayar ba. Abu in ya cika ado, yaro adon yake kallo.

Saboda haka ni dalilina na sa ɗalibai ɗaure tsinke ba don tsinke yana da albarka ba ne. So nake su faɗa ramin nan a gabana, kamar yadda ya faru yanzu, kafin yara arba'in su faɗa a gabansu.

Tsohon Hedimasta:
To ai ka dawo hanyata, Malam. Malami ne magani, ba tsinke ba.

Malamin Dabarun Koyarwa:
Rabin hanya, Baba. Malamin da ya san abin, tsinke yana ba shi abin nunawa. Wani masanin ilimi, Jerome Bruner, ya kasa koyo hawa uku a 1966: yaro ya yi da hannu, ya gani a zane, sannan ya rubuta da alama. Singafo ta gina littattafan firamarenta a kan wannan tun farkon shekarun 1980, kuma a gwajin ƙasa da ƙasa na TIMSS na 1995 ita ta zo ta ɗaya a lissafi. Ban ce wannan kaɗai ya kai su can ba, suna da horon malamai mai ƙarfi da manhaja marar tarkace. Amma abin lura, hawa na uku shi ne inda ake son zuwa. Inda muke kuskure shi ne mu yi tsinke ranar Litinin, mu yi allo ranar Talata, ba abin da ya haɗa su. Daidai lokacin da yaro yake cire roba, a lokacin ɗan'uwansa zai soke 4 ya rubuta 3. Hannu ɗaya a roba, hannu ɗaya a alli. Bayan 'yan kwanaki a janye tsinken a bar zane, sannan a janye zanen. Yaron aji biyar da Baba ya gani yana ƙirga yatsu, ba a janye masa ba ne.

Malamar Aji Huɗu:
Duk na ji, amma ku sauko ƙasa. Yara 80 ne a ajina, darasi minti 35. Kafin in raba tsinke in tattara, an buga ƙararrawa. Ban da masu harbin juna da roba.

Malamar Aji Biyu:
Yaya, harbin roba kam sai haƙuri, makon farko ne. Abin da ya fisshe ni: rukuni na mutum huɗu, kowane rukuni da ledarsa ko gwangwaninsa mai ƙulli goma, a ɗaure tun kafin ranar. Ajinki rukuni 20 ke nan, tsinke 2000. Ji yake da yawa, amma in kowane yaro ya kawo 25 an gama, kuma ɗaurewar kanta darasi ce, sai an ƙirga goma daidai. In ana son ɗari-ɗari, rukuni huɗu ko biyar su haɗa kaya, ko a yi shi sau ɗaya a gaban aji. A kowane rukuni akwai mai ɗauko kaya, mai kwancewa, mai rubutu, mai duba ko rubutun ya yi daidai da abin da ke tebur. Gobe su yi musaya. Kuma ba kullum ba. In za a buɗe sabon babi ne, ko in na ga kuskure iri ɗaya ya yi yawa a littattafansu.

Malamar Aji Huɗu:
Wanda ba shi da tebur fa?

Malamar Aji Biyu:
Ƙasa ta fi ma. Ja layi biyu da alli, gida uku ya samu.

Ɗan Koyarwar Gwaji:
A littafinmu an yi ta maganar sandunan Cuisenaire da tubalan Dienes. Ban taɓa riƙe ko ɗaya ba. Dole sai da su?

Malamin Dabarun Koyarwa:
Ba dole ba. Georges Cuisenaire malamin firamare ne a Beljiyam, katako ya yanka daga santimita 1 zuwa 10, kowane tsawo da launinsa, ya fitar da bayaninsu a 1952. Kwali da almakashi da rula za su ba ka irinsu. Amfaninsu, tsawo suke nunawa ba ƙirga ba: ka jera na 3 da na 4 a kan na 7, ka juya su, yaro ya ga 3 da 4 ɗaya ne da 4 da 3. Tubalan Zoltan Dienes kuwa goman a manne take, ba ta kwantuwa, sai dai a yi musanya da ƙanana goma. Shi ya sa ga mai farawa na fi son tsinke, yaro da kansa ya ɗaure goman, ya san abin da ke ciki.

Tsohon Hedimasta:
Malam ka ce za ka dawo kan hadda, na ga kana ta kewaye.

Malamin Dabarun Koyarwa:
Ban manta ba, ranka ya daɗe. Hadda wajibi ce. Yaron da sai ya zana ɗigo 56 kafin ya san 7 sau 8 ba zai iya doguwar rabawa ba, kansa zai cika kafin ya kai tsakiya. Saɓaninmu a kan wanne ke gaba ne. Jera marafai layi 7, kowane layi 8. Sa rula bayan layi na biyar: sama 40, ƙasa 16, jimla 56. Juya kwalin da suke kai, ya zama layi 8 na 7, ba a taɓa marfi ko ɗaya ba. Da wannan juyawar kaɗai, jadawalin 1 zuwa 10 ya sauko daga abu 100 zuwa 55. Bayan nan a rera, a maimaita, a yi gasa, ina tare da kai. Wanda ya manta yana da hanyar komawa.

Tsohon Hedimasta:
Mu ba mu mantawa.

Malamin Lissafi na Sakandare:
Baba, waɗanda suka manta ba su zama hedimasta ba, shi ya sa ba mu jin ta bakinsu. Ga wani kuma da nake roƙon masu shirin shiga aji su gwada: 8 + 4 = ☐ + 5. An ba 'yan firamare wannan a Amurka, aka wallafa a 1999, mafi yawansu 12 suka rubuta ko 17, har 'yan aji shida. Sun ɗauka alamar daidai tana nufin "ga amsa nan tafe". In suka zo mini da wannan fahimtar, aljabara ba ta zama. Layi biyu na marafai sun isa: 8 da 4 a sama, 5 a ƙasa, nawa za a ƙara su yi kai ɗaya?

Ɗalibar Kwalejin Ilimi:
Amma Malam, jarrabawarmu fa ba haka take zuwa ba. Cewa ake "kawo ma'anar kayan koyarwa, ka lissafo amfaninsu guda biyar". Wanda ya haddace ya ci, ko bai taɓa kwance ƙulli ba.

Malamin Dabarun Koyarwa:
Wannan ƙorafin kam ya fi na farko ƙarfi, kuma laifinmu ne masu koyarwa. Abin da ake auna ɗalibi da shi, shi zai karanta. Ni a makin aikin zango nakan ba mutum aikin yaro mai kuskure, misali 0.25 ya fi 0.7 girma, in ce ya faɗa mini tunanin da ya kai yaron can, sannan ya ɗauki abin da ya ga dama a tebur ya gyara masa a minti biyar, yana yi yana rubutawa a allo. Babbar jarrabawa kuwa ba ni kaɗai nake tsara ta ba.

Ɗan Koyarwar Gwaji:
Na 0.25 ɗin, yaron 25 da 7 yake kallo. Amma da tsinke ya za a yi, tunda tsinke ɗaya ba ya kwantuwa?

Malamar Aji Biyu:
Ka mayar da babban damin shi ne 1. Ƙulli ya zama 0.1, tsinke ya zama 0.01. Ba wa yaro ɗaya ƙulli 7, ɗayan ƙulli 2 da tsinke 5, ka tambaye su wa ya fi. Sai dai ka sanar da su a fili cewa yau damin ne ɗaya, ka rubuta a allo, in ba haka ba rabin ajin 70 da 25 za su ce maka. Kuma kar ka yi shi a makon da kuka yi ɗari-ɗari da kayan nan.

Malamar Aji Huɗu:
Ni takarda mai gida ɗari zan yi amfani da ita, a shafe gida 70 a ɗaya, 25 a ɗayar. Ba roba, ba harbi. Wa ke da hanyar zana su da yawa ba tare da injin kwafi ba?

Malamar Aji Biyu:
Littafin lissafinsu mai gida-gida, Yaya. Kowa ya ƙirga goma a tsaye goma a kwance ya zagaye da biro.